Wayar Yaya Barakatu Na Nan a Kulle

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga Rajab, da hantsi, Allah ya karɓi ran maƙwabciyata Yaya Barakatu Adam a ƙauyenmu na yamma da Managil, bayan zazzaɓin kwana uku. Kafin azahar an kai ta makwancinta.

Yaya, ke da ko alif ba ki sani ba, ke ce gidan wayar garin nan. Tsohuwar wayarki da kika ɗaure da roba, kowane madanni gida guda ne: biyu gidan liman, biyar ƴarki Ramla a Kamlin, bakwai ɗana Nasir. Kina tuƙa tuwo da hannu ɗaya kina latsawa da ɗayan, ba ki taɓa kiran wani a madadin wani ba. Ni da na shekara ashirin ina koyarwa, sai na sa tabarau tukuna, kuma in yi kuskure.

Da Ramla ta kawo miki sabuwa ta shafawa, juya ta kika yi gaba da baya kika ce, "Wanga ai madubi na, ya Ramla. Ina aka latsawa?" Sai da aka saita ta tana buɗewa da babban yatsanki, aka nuna miki saƙon murya, sannan kika ce, "Halas, wagga ba ta son karatu."

Da yaƙi ya watsa mutanenmu, kowace safiya sai ki hau gaɓar tur'a, babbar magudanar ruwan noman rani, inda shabaka, wato sabis ɗin waya, ke kamawa, ki tsaya har saƙonni su shigo. Ki sauko ki bi gida-gida, kina kunna wa kowace uwa muryar nata. In labarin mutuwa ne, ba kya kunnawa. Zama kike yi, a dafa jabana, gahawarmu ta gargajiya, ki faɗa da bakinki a hankali.

Nasir ya tafi yankan riɗi a garin Abu Na'ama, hanya ta yanke, wayarsa ta salwanta. Lambarki kaɗai ya haddace. Wata biyar ke nan da ya ari wayar wani ya aiko saƙon murya ya ce, "Inna, ina nan da rai." Sau nawa na sa kika maimaita mini shi, ba ki taɓa ƙosawa ba.

Mun gaggauta suturarki kamar yadda addini ya ce, wayar na ƙarƙashin matashi, ba wanda ya tuna. Ko da mun tuna, wa ke da zuciyar ɗaga hannun gawa ya ɗora a kan waya? Lambar sirrin da mai shago ya sa, Ramla ta manta. Mai gyara a kasuwar Managil ya ce zai iya buɗewa, amma komai na ciki zai goge.

Yanzu ni ke hawa gaɓar. Kwana tara, saƙo shida sun shigo. Wayar ta yi ƙara, ta yi haske, ba ta nuna daga wa. Tsoro nake ji, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Ban sani ba ko Nasir ne ke cewa yana hanya, ko wani ne ke neman gaya mini irin labarin da ke kaɗai kika iya faɗa.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa yawon da kika yi tsakanin gidajenmu ya zame miki nauyi a mizani. Ina yi wa Ramla da ƴan'uwanta da dukan dangi ta'aziyya, Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Wanda kuma wannan rubutu ya riska, in ya san inda ɗana Nasir, ɗan Ramatu, yake, don Allah ya gaya masa Barakatu ta rasu. Ya daina aiko saƙo, ya kira. Kira muna iya ɗagawa, kuma ina kan gaɓar tur'a tun daga fitowar rana.