Maganar da Masu Dubiya Suka Katse

A shekarar da sojoji suka koma bariki, ina aikin jinya a ɗakin maza na wani asibiti a Katsina. Gari ya ɗauki murnar dawowar farar hula, mu kuwa abin da ya ƙaru mana shi ne 'yan siyasa masu zuwa raba sabulu a ɗauke su hoto.

A lokacin ne wata likita ta zo daga jami'a tana bincike. So take ta gano ko ana kula da damuwar da ke ran majinyatan da karaya ko tiyata ta kwantar. Aka haɗa ta da ni, na kuwa yi murna, don ina da wanda nake so ta gani: wani ɗan acaɓa daga Gobarau da mota ta taka, aka yanke masa ƙafa. Ciwon na warkewa, mutumin na ƙarewa. Ba ya ci, ba ya magana, sai kallon bango. Likitan ɗakinmu ya ce shi ƙafa aka kawo masa, kuma ba zai tura mutum wajen likitan ƙwaƙwalwa ba alhali bai yi duka ba, bai yi zagi ba. Baƙuwar ta ce ita za ta iya tura shi kafin a sallame shi, amma sai ta ji damuwar daga bakinsa.

To, ina za a ji? Wansa ne ke jinyarsa, dattijon kirki, sai dai ko sannu ka yi wa ƙanen, shi ke amsawa.

"Malam, kana samun barci?" in ji likitar.

"Lahiya lau shike kwana, Hajiya," in ji wan. "Mun gode Allah."

Shi ma mai ciwon ya ce, "Da sauƙi." Haushi ya kama ni kamar in yi ihu. Wa zai ce ransa ba daɗi a gaban yayansa, a ce ya kasa ɗaukar ƙaddara?

Washegari na yi dabara, na aiki wan sayen magani, na ja labule. Likitar ta zauna, ba ta tambaye shi komai ba, ta dai jira. Ya daɗe yana murza bakin zanin gado, can ya dube ni ya ce, "Sista, ni hwa in na ruhe ido..."

"Salamu alaikum!"

Mutanen unguwarsu ne suka zo dubiya, kowa da langar abinci. Labule kuwa ba ya tare mai dubiya. Na ce su ɗan dakata, wani tsoho ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗiyata, dubiyar ma yanzu sai da izini?" Da wane baki zan kori sa'an mahaifina da ya zo neman lada? Aka shiga ina wuni, ina gajiya, yaya mai jiki, ya aka ji da haƙuri. Mutumin ya gyara zama, ya ƙaƙalo murmushi ya ce da sauƙi. Suna tashi wasu suka shigo. Kafin na ƙarshe su tafi, wan ya dawo.

Da safe aka sallame shi, ana bukatar gadon. Na bi likitan ɗakin ina roƙo har bakin motarsa, ya ce in bar shirme, ƙafa ta warke. Baƙuwar ta koma jami'arta ranta a ɓace.

Bayan sallar layya na haɗu da wan a Ƙofar Durbi. Muka gaisa, na tambayi mai jiki.

"Ƙahwa ta warke sarai," ya ce. Sai ya rage murya. "Amma tunda munka koma bai ƙara leƙo zaure ba. Ko ɗiyanshi ba ya son gani. Ke da ya saba da ke, Sista, bai taɓa hwaɗa maki abin da ke damunshi ba?"

Na ce ya dai fara, bai ƙarasa ba.