Injiniya Misbahu Ya Zama Koci

Fiye da shekara ashirin Najiba ta yi tana zaune da Injiniya Misbahu, kuma a duk tsawon zaman nan ba ta taɓa ganin ya ɗaga abin da ya fi butar alwala nauyi ba. In an dawo daga cefane, ita da yara ke kwasar kaya daga but ɗin mota, shi kuwa yana tsaye a bakin gareji da waya a kunne yana nuna musu inda za su ajiye. In dusar ƙanƙara ta toshe ƙofar gidansu da ke garin Clinton a Amurka, ranar ce ciwon bayansa ke tashi. Amma a baki, babu fannin da bai ƙware ba.

Haifaffen Tudun Wada ne a Zariya. Karatu ya kawo shi Amurka, daga baya ya sami aiki a wani kamfani da ke yi wa gwamnati kwangila a Alexandria. In aka tambaye shi aikin da yake yi sai ya rage murya ya ce, "Irin namu ba a faɗa." Najiba, wadda ke aikin ba da magani a wani asibiti, ta san na'urorin sanyaya ɗakunan kwamfuta yake kula da su. Aiki ne na halas, ba abin kunya ba, amma bai ishe shi ba. Halinsa shi ne ya jira abu ya nuna a hannun wani, sannan ya matso ya tsaya kusa da shi a ɗauki hoto.

Ɗansu na fari, Fahad, tun yana ƙarami ya fi sa'o'insa girma. Yaro ne mai sanyin hali, ƙato, mai kafaɗu kamar ƙyauren ɗaki, yana jin Hausa sarai amma da Turanci yake amsawa. Da ya shiga sakandare malaman wasanni suka ja shi ƙwallon Amurka, wadda ake sa kwalkwali a yi ta karo da ture-ture. Suka sa shi a sahun gaba, cikin ƙattin da aikinsu shi ne su tare abokan hamayya da ƙirji don mai jifan ƙwallo ya sami sarari. Misbahu ya ce wannan ba wasa ba ne, karon raguna ne, kuma shi bai tsallako teku don ya haifi rago ba. Likita yake so. A gaban baƙi yakan kira yaron buhun masara, ya yi dariya shi kaɗai. Duk shekarun sakandaren nan bai je kallon wasa ko ɗaya ba. Najiba ce ke kai shi atisaye, ita ke zama a kan bencin ƙarfe cikin sanyi, ita ta koyi dokokin wasan da tambayar iyayen da ke gefenta.

A shekarar ƙarshe wata jami'a a Pennsylvania ta ba Fahad gurbin karatu kyauta don ya buga mata. Ranar da za a sa hannu a ɗakin taron makaranta, Najiba ta fito ta tarar da mijinta a cikin mota, ya sa hula mai tambarin jami'ar, wadda ba ta san lokacin da ya saya ba. A wurin taron shi ya dafa kafaɗar yaron, shi ya fi kowa washe haƙora. Kafin su iso gida hoton ya zagaye duk zaurukan waya na Hausawan yankin, da rubutu a ƙasa: "Wahalarmu ta yi rana."

Najiba ta karanta, ta kife wayar a cinya.

Daga nan Misbahu ya zama masani. Ya yi mako yana kallon bidiyo, ya fito yana magana kamar wanda aka haifa a fili. Bayan sallar Juma'a, a shagon tsire na Landover inda 'yan gida ke haɗuwa, yakan jera robobin ruwa a kan tebur ya nuna yadda sahun gaba ke tsayawa. Wani abokinsa Bashar, direban babbar mota mai son tsokana, shi ya fara ce masa Koci. Kowa ya gane ba'a ce in ban da Misbahu. Ya karɓi sunan hannu bibbiyu.

Jami'ar tana da mai horar da 'yan wasa kan ƙarfi da juriya, wani mai suna Desmond. Shi ya kira Fahad ta bidiyo, Najiba na zaune a gefe, ya yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce girman jiki yana da shi, kuma shi ya sa suka ɗauke shi, amma a jami'a kowa ƙato ne. Abin da zai raba shi da sauran sababbin shi ne ƙafa mai sauri da numfashin da ba ya yankewa. Ya ce kafin ƙarshen Yuni, lokacin da za su hallara, yana so ya rage teɓa, ya riƙa gudu, ya ɗaga ƙarfe yadda aka tsara masa, ya kuma kula da abin da yake ci. Washegarin isowarsu za a gwada kowa a fili.

Da aka gaya wa Misbahu sai ya taɓe baki.

"Su ramar min da yaro? Na ga manyan 'yan wasan nan, kowane ya fi Fahad nauyi. Wannan Desmond ɗin albashi kawai yake ci."

"Abban Fahad, aikinsa ke nan," in ji Najiba. "Shekara da shekaru yana yi."

"Ke magani kika karanta. Mu ƙarfi a jininmu yake. Kakana ɗan kokawa ne, har Katsina ake zuwa ɗaukarsa."

Najiba ta san kakan. Tela ne a bakin kasuwa, siriri, mai tari. Ta dube shi kawai, ta tashi ta shiga kicin.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne Fahad. Yaron da ya girma uban bai taɓa dubansa da daraja ba, yau ga uban yana kiransa "zakina", yana jiransa a ƙofa, yana sa shi a gaban mota. Ta ga yadda fuskarsa ke haske. In ta tuna masa da tsarin Desmond sai ya sunkuyar da kai ya ce da Turanci zai yi gobe, yau Abba ya ce su fita.

Horon Misbahu kala biyu ne. Na farko, ya zauna a cikin motarsa a gaban gareji, ya saki birki, Fahad ya tura ta 'yan taku, ƙanwarsa Mubina tana ɗaukar bidiyo. In bidiyon bai fito da fuskar Misbahu sosai ba, a sake. Na biyu shi ne ci. Da azumi ya zo, babu gidan da aka yi buɗe-baki daga Landover zuwa dogayen benayen Alexandria da bai kai yaron ba. Yana zaunar da shi a tsakiyar maza, ya tura masa tuwo malmala bayan malmala, da waina, da farfesun kai, mutane suna kallo suna ma sha Allah. Ya ƙirƙiro wani haɗi na fura da madara da ayaba da man gyaɗa, ya ce sirrin 'yan kokawar gidansu ne. Gudu kuwa ya hana, wai yana cinye gwiwa, kuma mai tsaron sahu ba ɓarawo ba ne da zai yi ta gudu.

Najiba ta daina soya komai a gida. Ta koma gashi da ganye. Misbahu ya riƙa shigowa da ledojin tsire da soyayyar kaza, yana ajiyewa a kan teburin da ta shirya. Da Babbar Sallah ya sa aka ware wa Fahad cinyar rago guda. Ta kira yaron ɗaki ta ce ya hau sikeli a gabanta. Ya hau. Ta ga abin da ya nuna, ta ga wuyansa ya haɗe da haɓa, ta ji yadda yake haki don kawai ya hawo bene.

"Fahad, kai za ka shiga filin nan, ba babanka ba."

Ya ce ya sani, Umma. Bai iya haɗa ido da ita ba.

Ƙarshen Yuni suka kai shi. Sauran iyaye suka sauke 'ya'yansu, suka rungume su, suka kama hanya. Misbahu ya ce sai ya ga gwajin da idonsa, don ya yi wa Bashar da jama'a alkawarin bidiyo. Suka kwana a masauki. Da safe suka tsaya a bayan shingen waya a gefen filin, rana ta riga ta fara zafi, shi da hularsa da wayarsa a sama.

Sababbin 'yan sahun gaba suka fito. Najiba ta lura babu ƙarami a cikinsu, amma jikinsu a ɗaure yake. Gwajin ba wani abu ba ne mai wuyar ganewa: a ruga daga wannan layi zuwa wancan kafin usur, a ɗan huta, a sake. Fahad ya yi na farko da na biyu a cikin jama'a. Daga nan ya fara zama na ƙarshe. Sai usur ya riƙa riga shi. Can ya tsaya ya dafa gwiwoyi, ya amayar da abin da ke cikinsa a kan ciyawa, ya yunƙura zai ci gaba, ƙafafun suka ƙi. Ma'aikata biyu suka kama shi suka kai shi inuwa, suka jiƙa tawul da ruwan ƙanƙara suka lulluɓe masa kai da wuya. Sauran suka ƙarasa gudunsu ba wanda ya waiwaya.

Misbahu ya sauke wayar tun a zagaye na uku.

Da aka tashi, Desmond ya sa aka shigo da su wani ɗaki inda Fahad ke zaune yana kurɓar ruwa, idanunsa ja. Desmond mutum ne gajere, mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya. Ya ce yaron lafiyarsa ƙalau, likita ya duba shi. Amma ya zo da nauyin da ya wuce wanda aka ɗauke shi da shi nesa ba kusa ba, kuma bana ba zai taka fili a wasa ba. Zai yi shekarar a kan keken motsa jiki, kuma a hannun mai tsara abinci. In ya yi abin da aka ce, baɗi a duba.

Misbahu ya gyara murya, ya fara bayanin cewa a nasa binciken manyan 'yan wasa nauyi ne makaminsu. Desmond ya bar shi ya kai aya, sannan ya ce, "Na aiko da tsari tun watan Fabrairu. Wa ya kula da shirinsa a gida?"

Misbahu ya cire hular, ya juya ta a hannu, ya yi 'yar dariya.

"Ka san iyaye mata. Mahaifiyarsa ce ke dafa abinci, ba ta iya ganin yaro da yunwa. Ni aiki ya yi min yawa."

Najiba ba ta ƙaryata shi ba. Ba ta ga amfanin tona mijinta a gaban baƙo ba, kuma ta lura Desmond bai ko dube ta ba, Misbahu yake kallo, irin kallon da ake yi wa abin da aka taka a hanya. Fahad ne ya ɗago kai. Ya daɗe yana duban ubansa, sannan ya mayar da tawul ɗin kan fuskarsa.

A hanyar komawa Misbahu ya yi ta magana. Ya ce akwai wariya a lamarin, ya ce zafin ranar ne, ya ce ƙwai da aka ba yaran da safe bai yarda da shi ba. Wajen Baltimore ya juyo ya ce, "Kin yi shiru."

"Ina jin ka, Abban Fahad," ta ce. "Duba hanya."

A Landover ya gaya wa jama'a cewa masu horarwa sun ga abin da ya firgita su, sun yanke shawarar ɓoye Fahad shekara guda don kada abokan hamayya su gano shi da wuri. Bashar ya ce, "Lalle Koci, to ina bidiyon?" Ya ce an hana ɗauka, sirrin ƙungiya ne.

Fahad ya sha wuya a shekarar. Yana kiran uwarsa kusan kullum, ya gaya mata abin da ya ci da nisan da ya yi a guje, wani lokaci yana kuka a ɓoye don abokan ɗakinsa suna tafiya wasa shi yana kan keke. In uban ya karɓi wayar, gaisuwa ce kawai. Da ya zo hutun hunturu ya faɗa sosai, wuyansa ya fito, yana hawa bene da gudu. Da asuba yake fita ya zagaye unguwa cikin sanyi. A teburin abinci Misbahu ya fara nuna masa yadda ya kamata ya riƙa kafa ƙafarsa ta hagu. Fahad ya ajiye cokali, ya ce da Hausa, a hankali, yana neman kalmomin ɗaya bayan ɗaya, "Abba, don Allah a bar maganar ƙwallo."

A shekara ta biyu ya ci gwajin, aka fara sa shi a ƙarshen wasanni. Iyalan 'yan wasa suna da kujeru, kuma Najiba da Mubina ba sa fashi. Misbahu yana bin su wani lokaci. Yakan zauna can gefe ya sami wani uban da bai san shi ba, ya gaya masa cewa yaron can mai tsaron hagu ɗansa ne, kuma da ya zo jami'a jikinsa a lalace yake, sai da shi uban ya tsaya tsayin daka aka gyara shi. Najiba tana ji. Takan matsa kujera ɗaya gaba don ta ga fili da kyau.