Jan Zaren da Ban Duba Ba

A shekarata ta huɗu ta karatun likitan dabbobi a Alƙahira, a unguwar Darrasa nake zaune da ɗaliban Shari'a guda uku. Tsiya kam na sha ta. In na dawo daga makaranta sai su toshe hanci su ce ga likitan jakuna ya iso.

Wani tsoho Kirista ne ke kwashe mana shara, muna ce masa Ammu, wato baffa. A unguwar masu shara da ke gindin dutse yake zaune, yana kiwon aladu da ragowar abincin da yake tsinta. Wata safiya a 2012 ya tare ni a matakala, idonsa ya yi ja. Matarsa ta rasu kwana goma da suka wuce. Ita ke yi wa 'yan aladunsu maza fiɗiya, shi hannunsa rawa yake yi. Ya ce in ba a yi ba, da sun balaga namansu zai riƙa hamami irin na bunsuru in ya ji wuta, mahauci ko kallonsa ba zai yi ba. Ya roƙe ni in je in yi musu.

Kunya ce ta sa na amsa, ba tausayi ba. Gara in faɗi gaskiya.

A hanya ya ba ni labari. Shekarar da aka karkashe aladun ƙasar saboda murar aladu, matarsa ta ɓoye macen alade ɗaya a ƙarƙashin gadonsu har ƙura ta lafa. Yanzu macen ta tsufa, wannan ce haihuwarta ta ƙarshe, 'ya'ya huɗu, duka maza. Ɗaya daga cikinsu matar ta ɗaura masa jan zare a ƙafa tana kwance ba lafiya, ta ce shi za a bari ya yi iri. Na ji wannan da kunnena, har tamam na ce. Amma hankalina yana kan rigata da abin da 'yan ɗakinmu za su shinshino.

Na kuma yi masa iyayi da ilimin littafi. Na ce akwai allura da ake yi sau biyu, tana kashe warin ba tare da wuƙa ba, in an daina ma dabbar kan iya komawa yadda take. Na wuƙa kuwa ci zai yi ta yi ya tara kitse. Ya saurara da ladabi, alhali ni da shi mun san ba inda za mu samu allurar.

Da muka isa ya ce in jira shi, zai kawo shayi. Shayi a gidan aladu? Na ce wa kaina yalla, maza in gama kafin ya dawo sai in ce ina da darasi. Na sa safar hannu biyu, na riƙe numfashi, ina damƙo su ɗaya bayan ɗaya ina matsewa tsakanin gwiwoyina ina yi musu fiɗiyar. Sai da na saki na huɗun na ga zaren, taɓo ya rufe rabinsa.

Ya dawo da kofi a kan faranti. Abin da ya sa ya daɗe, har can bakin titi ya je ya aro kofin a wajen wani Musulmi, don kada in ƙyamaci nasa. Ya dubi ɗan aladen, ya dubi hannuna. Da ma zagina ya yi, da na ji sauƙi.

"Ma'alish, ba komai, ya doktor," ya ce. "Sha, kada ya huce."

Na sha ina tsaye.

Bai fasa kwashe mana shara ba. Na riƙa ware masa ragowar shinkafa da burodi a leda daban, 'yan ɗakinmu suna dariya wai na zama kukun alade. Duk sanda na tambaye shi sai ya ce mai zaren ya fi 'yan'uwansa ci, baya faɗa, daga ci sai kwanciya. Uwar ta mutu da sanyin shekarar.

Bayan wata bakwai ya same ni a matakalar nan. Ya ce mahauci ya ɗora kitsen mai zaren a wuta ya shinshina, ya rantse ya daɗe bai ga nama mai tsabta haka ba. Yana faɗa mini ne don in ji daɗi, wai hannuna da kyau. Na tambaye shi ko saura nawa a garken. Ya gyara buhun sharar a kafaɗarsa, sai na ga jan zaren ɗaure a wuyan hannunsa.

"Khalas, shi ke nan," ya ce. "Na matata sun ƙare."