Shanun da Suka Daina Zuwa Kududdufi

A shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, abokan aikina suka sayi rediyo da babur, ni kuma na sayi kyamara a Birnin Kudu. Lokacin ina rubuta kati a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Gwaram. Ban iya ɗaukar hoton mutane ba, don kullum ina tsoron kada wani ya fito a karkace ya ji haushina. Sai na koma wa tsuntsayen kududdufin bayan unguwarmu.

Da rani ruwan yakan ja baya, amma ba ya ƙafewa. Akwai zalɓe guda da ke tsayuwa cikin bado, da kirinjijiya, wani lokaci guza ya fito shan hantsi. Da la'asar wani dattijo makiyayi yakan kawo shanunsa, belbelu na biye da su. Fim ɗina hoto goma sha biyu yake ci, saboda haka duk wanda na ɗauka sai na rubuta a ɗan littafi, kada lissafi ya ɓace mini. Daga wurin aiki nake wucewa can, da kakina a jiki.

Wata rana shanun ba su zo ba. Washegari ma haka. Da aka yi mako guda, mai ɗakina ta ji a bakin matar dattijon, wadda ke kawo mana nono, cewa an ga wani mai kaki yana auna shanu da baƙin akwati yana rubutawa. Sun ɗauka ƙidayar jangali ce. Yanzu sai rafi dattijon yake kai shanun, tafiyar rabin yini, ga 'yan maruƙa a ciki.

Na kasa cin abinci sosai. Na so in je in yi masa rantsuwa, sai na ga ai mai ƙidaya ma zai iya rantsewa. Na shiga mota zuwa Birnin Kudu, na zauna a shagon mai hoto har aka wanke fim ɗin, sannan na nufi gidan dattijon da hotunan da littafin.

Ya amsa gaisuwata a taƙaice. Na miƙa masa hotunan, ya riƙe na farko nesa da fuskarsa.

"Malam, wannan mene ne?"

"Belbela ce, Baba."

"Wannan sandar ta bayanta fa?"

"Ƙafar saniyarka ce."

Ya duba sauran ɗaya bayan ɗaya. Babu hoton da saniya ta fito cikakkiya: nan wutsiya, can rabin tozo. Ya nuna littafin da haɓa, ya ce in karanta, kada in tsallake ko layi. Na karanta: belbela huɗu, zalɓe ɗaya ya tashi kafin in danna, guza bai fito da kyau ba.

"To su ma za a yanka musu jangalin ne?"

Na fara bayani da gaske, sai na ga kafaɗunsa suna rawa don dariya.

"Kai dai Allah ya shirye ka. Mutum da aikinsa, ya zauna yana rubuta guza!"

Ya ce zai dawo da shanun kududdufi, amma in bar littafin a gida, in kuma sa riga irin ta mutane. Na ce na yarda. Da na tashi tafiya na tambaye shi ko duk suna lafiya. Ya ce maraƙi ɗaya ya mutu a hanyar rafi, amma dama can ba shi da ƙwari.

Kwana biyu bayan haka shanun suka sauko kududdufi. Na tsaya daga nesa har suka sha suka ƙoshi. Maganar maraƙin na sake tambayarsa sau biyu a wannan ranin. A karo na uku ya ce in na ƙara, rafi zai koma.