Ruwan Gidan Kawu

A shekarun da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, kowane ma'aikaci ya fara jin kansa. Ni ma na sayi 'yar mota, na shiga neman inda zan je a gan ni. Wata Asabar na ce zan kai yarana gandun dajin da ke bayan Sabuwa su ga namun daji. Sai Inna, mahaifiyata, wadda ko kasuwar Sheme sai an yi da gaske take zuwa, ta ɗauko mayafi wai za ta sha iska.

Na san irin iskar. A dajin nan aka haife ta. Da gwamnati ta shata gandu, mutanen ƙauyensu suka taso bakin hanya, yawancinsu suka musulunta, har da ita. Yayanta ne kaɗai ya ƙi tashi, ya ƙi barin addinin kakanni, aka bar masa gonarsa a tsakiyar daji. Tun ina goye rabonsu da magana, ga shi tsufa ya kama su duka.

Hanya ta nuna wa motata iyakarta, muka bar ta gindin wata kaɗanya muka taka. Yara suka yi ta ihu, ga birai, ga zabin daji, har wata gada ta gifta mu. Muka ratsa kufan garin, inda ba abin da ya saura sai kukoki da ramukan niƙa a kan falalen dutse. Inna ko waiwaye, sauri kawai take kamar mai tsoron kada zuciyarta ta sauya.

Gonar Kawu irin ta da ce, dawa da gero da wake duk a haɗe, duma ya haye rufin ɗaki. Muka tarar da shi yana gyaran ƙotar fartanya. Ya daɗe yana dubanta.

"Ke ce?"

"Ni ce, Yaya."

"Kin tsuhwa."

"Kai ma ba yaro ba ne."

Da ya miƙe ɗebo ruwa, sai na tuna labarin da aka ba ni. A kan ruwa suka ɓata. Ranar da za ta bar garin ya miƙa mata ruwa, ta kau da kai ta ce ba ta sha a ƙwaryar da ake zuba giya, a gaban mutane kuwa.

Ya wuce randa, ya shiga wani ɗan ɗaki. Ta ƙofa na hango ƙore farare tas, an kife su kan juna har sun kusa taɓa rufi. Ya zaro ɗaya, ya ɗauraye, ya cika ta.

"Kowace kaka nikan fafe guda in aje," in ji shi. "Ba a taɓa zuba masu komi ba."

Inna ta karɓa hannu biyu, ta yi bisimilla, ta sha har ruwan na bin haɓarta. Ban taɓa jin tausayin tsofaffi biyu kamar ranar ba, har na juya ina tsawata wa yara a kan laifin da ba su yi ba.

Da la'asar za mu tafi, na ɗauki ƙwaryar zan sa a jaka, don na ga ta zama abin ajiya. Inna ta buge mini hannu.

"Aje mashi abinai. In na dawo, da mi za ni sha?"