Noman Shanu Babu Shanu

A shekarar farin nan mai tsanani, lokacin soji na riƙe da ƙasa, mai gari ya tara mu a Urafan ya ce gwamnati ta tuna da talakawa. Duk magidancin da rumbunsa ya ƙare zai tafi Tasawa wata biyu a koya masa noma da garmar shanu. Za a ba shi jar dawa ya aika gida, a kuma ɗauke masa kayan lakwal, wato makarantar boko, na ɗa guda, muddin ya sa shi. A ranar na kai babbar ɗiyata lakwal da hannuna. Mutane suka yi ta yaba mini hangen nesa. Ni kuwa dawar na hango.

Mun tarar da garmuna sababbi fil, masu koren fenti, an jere su ƙarƙashin gawo. Shanun ne babu. Mai gadi ya ce a hanya suka mutu, amma bai ce hanyar ina ba.

Malaminmu saurayi ne mai kirki da ya fito makarantar noma, muna ce masa Mushe. Ya zana sa a allo, ya nuna mana ƙaho da tozo da inda karkiya ke zama. Kusa da ni akwai wani dattijo makiyayi daga Isawan, wanda fari ya cinye masa garke kaf. Ya daɗe yana duban zanen, sannan ya ce, "Mushe, naka ya fi nawa wayo. Ba ya neman ruwa."

Da aka zo gwaji, Mushe ya ce tsari tsari ne, ba a tsallake darasi. Mutum biyu su ja, ɗaya ya riƙe garma. Aka haɗa ni da dattijon a karkiya ɗaya. Kwana uku wuyana ba ya juyawa, sai dattijon ya ji tausayina.

"Ɗana, sa ba ya ja da wuya. Sa kafaɗa, ka rage sauri."

Haka muka yi ta keta busasshen rairayi, Mushe na bin mu da igiya yana auna miƙewar kunya.

Ranar rufewa aka ce kumandan, mai mulkin yankin, da kansa zai zo. Aka aro shanu biyu wajen wani ɗan kasuwa, ramammu, waɗanda ba su taɓa ganin garma ba. Kumandan ya sauko daga mota da baƙin tabarau, makaɗa suka yi shiru, aka ɗora karkiya. Shanun suka dubi taron, suka kwanta. Mushe ya ja, ya tura, zufa ta jiƙa masa riga. A zamanin nan ba a dariya gaban kaki, kowa ya sunkuyar da kai.

Sai dattijon ya fito ba wanda ya kira shi. Ya durƙusa, ya sosa musu ƙarƙashin wuya, ya yi musu magana ƙasa-ƙasa cikin harshensa. Ɗaya ya miƙe, ɗayan ya bi shi. Suka ja garma 'yan taku kaɗan, aka ɓarke da tafi.

Kumandan ya nuna shi da sanda ya ce, "Kun ga amfanin ilimi? Wata biyu da suka wuce wannan tsoho bai san kan sa ba."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe," in ji dattijon.

Aka ba kowa takarda mai hatimi, aka kawo tuwon dawa. Na miƙa wa dattijon ƙwaryar wanke hannu, ya girgiza kai. Na ga yana kai tafinsa hanci, idonsa ya kaɗa.

"Baba, lafiya?"

"Tun bara ban ji warinsu a hannuna ba. Bar ni da shi."

Washegari muka rabu a tasha. Na hau amalanken jaki zuwa Urafan, shi kuma ya shiga motar kudu. Bayan shekara wani falke ya ce mini ya gan shi a Katsina, yana gadin gidan mai.