Takarda Ta Ce Janairu

Gidanmu na McLeansville, a Amurka, ba shi da abin burgewa sai filin bayansa. A nan Baba ya yanka wata tsohuwar durom gida biyu ya mayar da ita murhu. Da zarar sanyi ya fara shigowa, bayan sallar magariba, kakata ta wajen uba, wadda muke kira Inna, za ta fito da tabarmarta da kwanon ɗanyar gyaɗa ta ce a hura mata gawayi. Mama kan dawo a gajiye daga aikin sito a Wendover ta shige ɗaki, don haka ni da ƙanwata Hadiza ne 'yan sauraro. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, kuma gani nake duk jihar babu wanda ya kai ni sani.

Da can tatsuniyoyin Maradi take yi mana. A wannan shekarar kuwa ta ajiye su gefe, domin za ta shiga jarrabawar zama 'yar ƙasa. Ba sha'awa ce ta kai ta ba. Yayarta, Hajiya Ai, tana kwance a Maradi ba lafiya, Inna tana so ta je ta yi jinyarta har iyakar abin da Allah ya nufa. To amma mai katin izinin zama a Amurka in ya daɗe a waje ana iya hana shi dawowa. Da fasfo a hannu, za ta je ta zauna son ranta ta dawo wa jikokinta. In babu shi, dole ta zaɓi ɗaya: yayarta ko mu.

Inna ba ta taɓa zama a aji ba. Littafinmu shi ne wata ledar shimfiɗa a tebur da Mama ta sayo, mai hotunan shugabannin Amurka da ranakun haihuwarsu. Ni in karanta, in haɗa da abin da na tsinto a laburaren makaranta, ita kuma ta juya shi yadda take so. Sai ta gyara mayafi ta ce, "Ga wani mai mulki nan, ga shi nanku." Hadiza ta amsa da Turanci, ta sha dundu, sannan ta amsa da Hausa.

Suna ba ya zama a kan Inna, amma wata da sana'a ba su taɓa ɓace mata. Akwai wanda ta kira Dogon Mai Gemu, ɗan watan Fabrairu, wanda ya 'yanta bayi. Akwai Tela, ɗan Disamba, wanda aka haifa nan kusa a Raleigh, bai shiga makaranta ba, matarsa ce ta zaunar da shi ta koya masa rubutu da lissafi. Inna tana son wannan labarin ƙwarai, takan ce, "Kun ji mace! Shi ya sha kiɗa, ita ta yi aikin." Ranar da na faɗa mata watan Oktoba ne ya fi kowane wata haifar shugabanni, har da wani manomin gyaɗa, sai da ta tafa hannu.

"Watan girbin hatsi ke nan hwa! Ashe tare da manya aka haife ni."

"Inna, ai ke Janairu ce," na ce da ita, ina ji da kaina. "Ɗaya ga wata. Na gani a katinki."

Wallahi da na san abin da zan tono da na yi shiru. Inna ta ajiye cokalin juya gyaɗa. Ta ce ita lokacin da ake yankan gero aka haife ta, uwarta ta faɗa mata ba sau ɗaya ba. A ƙauyensu ba mai rubuta haihuwa. Sai da ta girma za ta yi takarda, wani ma'aikaci ya dube ta ya kimanta shekarunta, ya rubuta ɗaya ga Janairu, kamar yadda ake rubuta wa duk wanda ba shi da takardar haihuwa. Rabin tsofaffin masallacinmu ranar nan ce a katinsu.

Sai ta tambaye ni, "A wajen jarrabawar nan, an ce ɗaga hannu ake yi a yi rantsuwa?"

Na ce haka ne.

"Kuma za su tambayi ranar haihuwata?"

Na ce tabbas.

"To ba ni zuwa. Ban rantsewa a kan abin da na san ba haka yake ba."

Baba ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya kawo Malam Issufu na masallaci, wanda shi ne zai yi mata tafinta tunda shekarunta da daɗewarta a ƙasar sun ba ta wannan damar. Duk suka ce in ta faɗi wata rana dabam da ta takarda, ana iya jingine maganar gaba ɗaya. Inna ta ce ta ji, amma da gashin furfura ba za ta koyi ƙarya ba. Kwana shida ba a hura murhu ba. Ni kuwa abinci ma ba ya shiga, domin na san bakina ne ya jawo.

A rana ta bakwai na dawo daga makaranta da gudu, ni da kaina na hura gawayin. Na ce yau ni ce mai labari. Shugaba na farko, mai farin gashin nan da ke jikin dala ɗaya, an haife shi a Fabrairu. Yana saurayi sai hukuma ta sauya lissafin kalanda, aka matsar da ranar haihuwarsa gaba da kwana goma sha ɗaya. Uwarsa ta san rana ɗaya, takarda ta san wata rana dabam.

Inna ta manta da juya gyaɗa har ta fara ƙauri. Can ta ce, "Ke ɗiyar nan, rantse." Na rantse. Sai ta karɓe labarin daga bakina ta sake shi a gabana, har da yadda uwar ta tsaya a ƙofar gida tana cewa ita da ta yi naƙuda ba wanda zai gaya mata ranar. Muka yi ta dariya. Da ta gama ta ce, "Ashe ba sai na zaɓi ɗaya ba. Kowa sai in faɗi abin da ya ce. Ƙurunƙus, a kwashe gyaɗar nan kafin ta zama toka."

Ba a bar ni na shiga ɗakin jarrabawar ba, Malam Issufu ne ya ba mu labari a mota, yana share hawayen dariya. Da ma'aikaciyar da ke yi mata jarrabawar ta tambayi ranar haihuwa, Inna ta ce, "Takarda ta ce ɗaya ga Janairu. Uwata ta ce lokacin yankan gero. Ni ban shaida ba, ina jaririya." Malam ya fassara yana gumi. Matar ta dubi katin ta ce abin da ke takarda take tambaya, kuma an faɗa mata shi. Da aka zo kan waye shugaba na farko, Inna ta faɗi sunansa tiryan-tiryan, ta ƙara da cewa shi ma ranarsa biyu ce, in ba ta sani ba yau ta sani.

Ta samu fasfo. Ta je Maradi ta yi wata goma sha huɗu, a kan cinyarta Hajiya Ai ta cika. Sannan ta dawo mana, muka ƙara shekara tara da ita a bakin durom ɗin nan.

Na daɗe ina ɗaukan abin nan a matsayin taurin kan tsohuwa. Sai da na girma, na fara sa hannu a takardu goma a rana ba tare da na karanta ba, na gane Inna ba ta taɓa jin tsoron jarrabawa ba. Tsoronta shi ne ta sayi hanyar zuwa wajen yayarta da ƙaryata uwarta, ko da a layi ɗaya ne.

Ranar da ta rasu, ni aka miƙa wa takardar shaidar rasuwa in cike, domin Baba ya kasa riƙe biro. Da na zo gurbin ranar haihuwa sai na rubuta ɗaya ga Janairu, sannan na ɗago na ce wa ma'aikacin da ke jiran takardar, da Hausa, ko da yake ba ya ji, "Takarda ce ta ce haka. Uwarta ta ce lokacin yankan gero."